Fuskata a Gonakin Balan

Abdulmuttalib, mijin 'yata, ya ɗauke ni bidiyo da waya ina korar tsuntsaye a gonar gero. Ban sani ba.

Ranar kasuwar Ajingi ya dawo da wani abu a naɗe kamar tabarma. Ya ce talabijin ce ta zamani, ba ta fi ganyen ayaba kauri ba, ga araha. Ya warware ta a tsakiyar gonata, ya ɗaure a jikin sanduna biyu, ya jona mata 'yar sola. Sai ga ni a ciki, tsayina guda, ina zare ido ina kaɗa sanda.

Ya ce, "Baba, ka huta. Wannan ba ya gajiya, ba ya tafiya sallah."

Tsuntsayen jan-baki suka daina sauka. Na haƙura saboda gero.

Kafin sati biyu kowa ya saya. Na hau babur zuwa Gaya, na wuce kaina sau tara a hanya. Hanne, matata, ta kafa ɗaya a bakin madafi saboda kaji. Ta ce wannan ya fi ni daɗin zama, ba ya tambayar tuwo.

Shekara arba'in, in na doso, mutane gyara zama suke yi. Yanzu ko akuya ba ta matsawa.

Ran Talata iska ta yar da tawa. Da hantsi na tsaya daidai wurin ina duban zangarniya. Bubayero, maƙwabcina a gona, ya zo da tsumma a hannu. Ya tsaya a gabana, ya yi tsaki.

Ya ce, "Wannan ma ta lalace, ta daina motsi." Ya goge mini hanci da tsumman. "Kuma sun ƙara masa muni. Na gasken bai kai haka ba."

Na ce, "Bubayero."

Takalminsa ɗaya har yau yana gonata. Ban mayar ba.

Daga baya tsuntsayen suka gane. Suna sauka a kan sandunan, suna yi mini kashi a goshi, gona bayan gona. Abdulmuttalib ya zo gida da wayarsa, Bubayero na bayansa, nesa kaɗan.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, sun saba da wancan. Sabo za a ɗauka. Ka ɗan yi tsalle, ka buga gwangwani. Saura kwana goma a yanka gero, har da naka."

Hanne ta leƙo. "Malam, ka ɗaura tsohon zanena a ka. Zai fi ban tsoro."

Na ɗauki sandata. Na ce gonata ni zan tsare ta da ƙafata, kowa ya je ya tsare tasa.

"Baba, tsalle ɗaya kawai."

Na ce, "Ba zan yi ba."