Waƙar Rakiyar Ipra

Jatan, shugaban makarantar kwana ta bakin kogi, shi ya kashe jikana Ipra, ko da yake bai taɓa shi da hannu ba.

Ni ne igu na ƙarshe a kwarinmu. Idan mutum ya mutu, ni ke rera waƙar da ke raka ransa, dutse bayan dutse, har ƙasar kakanni. Wanda ba a raka ba yakan ɓata a daji. Ba a rera ta inda babu gawa, domin hanya take buɗewa, kuma dole wani ya bi ta. Ko mai koyo raɗa ta yake yi.

Ipra na koyo a wurina. Jatan ya ji labari, ya tsayar da shi gaban ɗalibai, ya ce ƙaramin boka ya rera musu. Yaron ya ƙi, aka ɗauko bulala. Ya rera, suna dariya. Jatan ɗan ƙabilarmu ne, ya san haɗarin abin da ya sa yaron ya yi.

Ipra ya dawo gida ba ya cin abinci. Ya ce mini ya buɗe hanya, yana tsoron ta ɗauki ƙanwarsa. Na ce zan yanka alade in rufe hanyar. Kafin in samo aladen ya kashe kansa. Ni na raka shi da bakina.

Bayan shekara, waɗanda suka yi dariyar suka hauro tudu zuwa gidana, kansu a sunkuye, wai suna son koyo. Na karɓe su. Yara ne. Yanzu kwarin yana da masu kiɗa da amshi.

Bana ciwo ya kwantar da Jatan, asibitin birni ya sallamo shi. Matarsa ta zo da giyar shinkafa, ta durƙusa a bakin murhu. Ta ce ba ya barci, yana tsoron ɓata a daji. Ɗalibata Emi ta sa baki, ta ce igu ba ya zaɓen gawa, ni na koya musu haka.

Haka na koya musu. Na kuma san babu ɗayansu da ya kai rabin waƙar.

"Naba, ko don darajar 'ya'yansa," in ji matar, tana kirana uba da yarenmu.

"Ɗauki giyarki, 'yata. Ba zan raka shi ba."