Wakilin Urlamma

Mu mutanen Sumer ba ma son wahala, kuma mun iya guje mata. Ɗaukar ruwa ya ishe mu, muka haƙa wa kogi hanya ya riƙa iske mu har gona. Kaya ya yi mana nauyi, muka yi wa katako ƙafafu masu juyawa muka haɗa shi da jaki. Ko maganar da muke tsoron mantawa, laka muke ba ajiya. To da aka zo kan ibada, ita ma masu hali suka samo mata dabara. A sassaƙa maka mutum na dutse, idanu ƙwala-ƙwala, hannuwa haɗe a ƙirji, a kai shi ɗakin Uwargijiya Ba'u, abar bautarmu, ya tsaya yana roƙo a madadinka, kai kuwa ka tafi sabgarka.

Urlamma, attajirin gashin tumaki a birnin Girsu, ya yi nasa tun kafin ya ajiye tumbi. Wakilina yake ce masa. Tun ranar da aka kai dutsen da kiɗa, ƙafarsa ba ta sake taka ɗakin ba. In tumaki sun yi yawa ya ce wakili yana aiki. In yamma ta yi ya zauna da abokai sun kewaye tulun giyar sha'ir, kowa da dogon bututunsa na kara, yana yi wa masu zuwa ibada da ƙafarsu dariya. Cikin waɗanda yake wa dariyar har da matarsa Ninhedu, wadda kullum da sassafe sai ta je.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Ninhedu. Mai magani ya jiƙa saiwa, ya shafa mai, ya yi abin da zai yi, jiki sai ƙara narkewa yake. Nan fa hankalin Urlamma ya tashi, don yana son matarsa, irin son da mutum yake wa katangar da yake jingina da ita bai taɓa juyowa ya dube ta ba.

Wata safiya ta kama gefen zanensa ta ce, "Maigida, ka je ka tsaya mini gaban Uwargijiya."

"Haba Ninhedu! To wakilina aikin me yake yi?"

"Kai nake so. Da ƙafarka."

Ya fita yana ƙunƙuni. Ya riga ya yanke cewa masu kula da ɗakin ne suka bar ƙura ta rufe wa wakilinsa ido, kuma yau sai sun ji daga bakinsa. Ko ƙofar bai gane ba, sai da wata mai tallan albasa ta nuna masa. Ya shiga ya bi dakalin da ake jera mutanen dutse, yana leƙa fuskarsu ɗaya bayan ɗaya. Babu nasa.

Wani tsoho mai kula da ɗakin, Abbagina, yana zuba mai a fitila. Urlamma ya daka masa tsawa.

"Kai Baba! Ina wakilina?"

"Kai ne wa?"

"Ni? Urlamma!"

Tsoho ya laluba a ƙwaƙwalwa, can ya ce, "Af, mijin Ninhedu! Ai kana tsaye a kansa, ranka ya daɗe."

Urlamma ya yi tsalle gefe kamar ya taka garwashi.

Tsoho ya ce, "Shekarar da kogi ya ɓalle ya shigo gari, an ɗaga daɓen ɗakin nan. Tsofaffin duwatsu kayan Uwargijiya ne, ba a zubar da su. Muka haƙa rami muka kwantar da su a hankali, muka shimfiɗa tubali a kai. An aika kowane gida a kawo sabo."

"Ƙarya ne! Ni ba a aiko mini ba."

"An aika. Kana bakin tulu, ka ce a je a gaya wa matarka. Ita ma ta ce ta fara yi maka maganar, ka ce kada ta dame ka da zancen mata. Tun daga nan ita take zuwa ta tsaya daidai wurin. Dubi tubalin."

Urlamma ya duba. Tubalin wurin ya lotsa kaɗan, ya yi sumul, sawu biyu ƙanana kusa da juna.

"Me take roƙo?"

"Ni dai sunanka nake ji, da na tumakinka. Nata ban taɓa ji ba. Tun da ta kwanta kuwa, gidanku babu mai tsaya masa. Ga wuri nan, ɗana. Tsaya."

Ya tsaya. Ya haɗa hannuwa bisa tumbi, ya zaro ido yadda ya ga duwatsun sun yi. Ya buɗe baki ya tarar bai san ko kalma ɗaya da ake faɗa ba. Ƙuda ya sauka a hancinsa. Wani ɗan dako ya shigo yana tsamin zufa ya tsaya a damansa, wata mai sayar da kifi ta tsaya a hagunsa. Sai ga muryar wani abokin shan giyarsa daga farfajiya, ya rako nasa sabon wakilin da masu kiɗa. Urlamma ya yi saurin lissafi. In aka gan shi nan tsakanin ɗan dako da mai kifi yana roƙo da bakinsa, kafin yamma an baza a kasuwa cewa Urlamma ya karye. Ya sulale ta ƙofar baya, ko fitilar da tsoho yake cikawa ba ta cika ba.

Bai zame ko'ina ba sai rumfar Sheshani mai sassaƙa. Ƙasarmu dai laka ce da kara, dutse sai jirgi ya kawo daga nesa, amma Sheshani yana da wani guntu fari da ya rage. Nan Urlamma ya samu aikin da ya iya. Ya zauna ya baje, a yi gemun kaza, a rage tumbin, idon ya fi na kowa girma a ɗakin. Suna wannan jayayya har rana ta yi sanyi.

Ya dawo gida ya iske Ninhedu idonta a kan ƙofa.

"Ka tsaya, maigida?"

"Na tsaya mana."

"Har ka gama?"

"Ke, kwantar da hankalinki. Na ba da aikin sabo. In kin ga dutsen! Wancan na da ko kusa bai kai shi ba."

Ta dube shi ta daɗe, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Sannan ta juya ta fuskanci bango. Washegari kafin a sauke gurasar safe, mata suka fara kuka a tsakar gida.

Urlamma ya yi kuka na gaske, wannan ba za a hana shi ba. Bayan an binne ta ya koma wurin Sheshani ido a kumbure, ya ce a fasa gemun, dutsen a sassaƙa Ninhedu da shi. Ko a cikin baƙin cikin ma, wanda zai tsaya masa yake nema.

Sheshani ya ce, "To maigida, in ta tsaya gaban Uwargijiya yaya take yi? Sunkuyar da kai take ko ɗagawa? Wane hannu ne a sama?"

Urlamma ya ce bai taɓa ganinta a can ba.

"Je ka tambayi Abbagina, shi ya san ta."

Ya je. Wannan karon bai yi tsawa ba. Tsoho ya saurare shi, ya ajiye tulun mai ya ce, "Ba a faɗa da baki. Zo in nuna maka."

Ya ja shi zuwa wurin nan da ya lotsa, ya tura masa ƙafafu cikin sawun. Sun fi wurin girma, yatsunsa sun leƙo waje. Ya ɗora masa hannun dama bisa na hagu, ya ɗaga masa haɓa kaɗan.

"Haka take yi. Kada ka motsa."

Tsoho ya koma kan fitilunsa. Ɗan dako ya shigo ya fita. Mai kifi ta zo ta tafi. Abokan tulu suka leƙo, suka taɓa juna suna nuna shi da baki, bai ko waiwaya ba. Ƙuda ya sauka ya tashi. Urlamma yana nan tsaye har hasken ƙofa ya ja baya, hawaye na bin gemunsa, ƙafarsa ko gezau.

Ashe dama ya iya.