Bakan Ƙarfen Daudu

Awad ya zura ƙafa cikin zoben da ke goshin bakan, ya sunkuya ya kama tsirkiya da hannu biyu, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Sai da tsirkiyar ta faɗa mazauninta ta ce ƙas, sannan ya saki numfashi. Ɗan dako ne guda a kasuwar hatsi ta Gadarif, mai kinkimar buhun dawa yana hira, amma ga shi yana haki a kan abin farautar maƙwabcinsa Daudu. Ya miƙa wa Daudu, ya ce da ba don lodin yamma ba da ya raka shi.

Daudu ya karɓa da hagu, ya mai da goshin bakan ƙasa. Shi ya ƙera abinsa a Madani, tun yana maƙeri mai hannu biyu. Ƙarfen daga ƙarƙashin wata matacciyar lori ya ciro shi, tsirkiyar wayar birki ce, ya yi masa gindin katako da kunama irin na bindiga. Ranar da yaƙi ya koro su, ya kwance shi ya naɗe cikin katifa, matarsa Jumai tana ta faɗan ya bar tukwane ya ɗauko shirme. A hanyar nan ce wani abu ya fashe kusa da motarsu, ya tafi masa da yatsu uku na dama. Tun daga nan guduma ta fi ƙarfinsa, ɗana bakansa ma sai ya roƙi wani.

Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Shekara da shekaru yana yi wa matasa faɗa cewa ba a tafiya da baka a ɗane, sai an isa an zauna. Yau ga shi zai ratsa gonaki da nasa a ɗane, kuma harbi ɗaya tak gare shi, don a bakin ruwa babu Awad.

Daga cikin rumfa aka ji jikansa jariri ya motsa. Kukansa ya sauya tun jiya, ya koma siriri, yana yi yana hutawa. 'Yarsu Iman ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, mijinta kuwa tun a hanyar gudu aka rabu, har yau babu labari. Ungozoma ta buɗe idon Iman ta duba, ta ce jini ya yi ƙasa, mai jego ba ta tashi da kunu kaɗai, a nemo mata nama ko na tsuntsu ne. Ta faɗa a sauƙaƙe, sai ka ce naman a bayan ɗaki ake tsinko shi.

Jumai ta rataya masa kwari a kafaɗa, ta gyara igiyar, ta kira shi da sunan 'yarsu yadda ake yi a ƙasar nan.

"Abu Iman, ka ɗora kibiyar tun daga nan mana. In zabuwa ta gifta maka a hanya fa?"

"In na yi tuntuɓe a hanya fa?" in ji shi.

Ya fita bayan la'asar.

Hafirin da ya nufa, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina, yana can yamma da gari, ta wajen hanyar Gadambaliya. Rani ya yi nisa, ruwa ya ƙafe ko'ina sai nan, shi ya sa zabin daji suke saukowa sha dab da magariba. Amma kafin nan sai an ratsa baƙar ƙasar Gadarif, wadda ba ta da mutunci ko kaɗan. Da damina ta riƙe maka takalmi, da rani ta dare ta buɗe baki tana jiran ƙafarka. Daudu ya riƙa tafiya yana kallon inda zai taka. Gindin bakan na ƙarƙashin hammatarsa, goshin na kallon ƙasa ɗan gaba da yatsun ƙafarsa, tafin hagunsa ya tallabi katakon daga ƙasa, nesa da hanyar tsirkiya, nesa da kunama. Yatsun da suka rage masa ba su da yawan da zai yi kyauta da su.

Wata tarakta ta tsaya, tana jan tirela cike da 'yan ƙwadago. Direban ya ce ya hau a rage masa hanya. Daudu ya dubi gwiwoyi da cikunan da suka cunkushe a ciki, ya tuna yadda tirela ke tsalle a kan wannan ƙasa, ya yi godiya ya ce ya kusa isa. Bai kusa ba. Suka wuce suna masa dariya, wani ya ce tsoho ya fito yaƙi shi kaɗai.

Kafaɗarsa ta fara zugi, hannun hagu ya yi tsami. Ko da ya tsaya hutawa bai jingina bakan da komai ba, sai ya durƙusa ya kwantar da shi yana kallon fili, ya yarfa hannu, ya sake ɗauka.

Rana ta yi ja lokacin da ya ji su. Kukan zabi ne, can bayan wani tarin buhunan dawa da aka lulluɓe da tamfol, kuma ba su da nisa. Ya kai guntun hannunsa kwari, ya zaro kibiya da yatsu biyu, ya kawo ta har bakin kwarmin da take kwanciya. Saura ɗan taƙi ne, in ji zuciyarsa, kuma babu kowa a dajin nan sai kai. Kukan jaririn ya dawo masa a kunne. Ya daɗe tsaye a haka, yana jin haushin kansa da taurin kansa, sannan ya mai da kibiyar cikin kwari ya ci gaba.

Yana zagaya tarin buhunan aka daka masa tsawa da Larabci ya tsaya.

Masu gadi ne su biyu, irin samarin da masu manyan gonaki ke ɗauka su kwana a kan hatsi. Ɗaya na tsugune yana dafa shayi a kan gawayi. Ɗayan, dogo mai sanda, ya matso yana leƙen abin da ke hammatar Daudu. Da ya ji Larabcin tsohon sai ya juye zuwa Hausa, ya ce sunansa Sami, mai shayin kuma Taha, su ma daga Jazira, yankin su Madani, aka koro su. Daudu ya ɗan ji sanyi. Ya yi bayanin hafiri da zabi da mai jego, amma Sami ba bayanin yake ji ba, idonsa na kan bakan.

"Kawo in gani, ya hajj."

"A ɗane yake, ɗana. Duba shi a hannuna."

"Ai babu kibiya. Kawo, aikinmu ne."

Kafin Daudu ya ja baya, an riga an zare shi daga hammatarsa. Da hannu ɗaya da rabi ba a kokawa da saurayi. Sami ya jinjina nauyinsa, ya yaba aikin, ya kafa gindin a kafaɗa yadda ya ga sojoji na yi. Ya auna bishiya, ya auna sama, sannan ya juyo ya auna cikin Taha, wanda ya miƙe da kofi a hannu yana dariya, ya ɗaga riga ya ce ga shi nan, a harba.

"Kar ka taɓa kunamar," in ji Daudu. "In babu kibiya ƙarfen ne zai sha dukan. Don Allah."

Sami ya taɓa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an jefar da faranti a kan dutse. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya ya rasa inda za shi, ya koma cikin bakan. Reshen dama ya karye daga gindi ya yi tsalle cikin karan dawa, tsirkiyar ta tsinke ta zane Sami a bayan hannu. Ya saki katakon ya faɗi, ya kai hannun baki yana tsotsa.

Taha ya yi dariya har shayinsa ya zube. Sami ya ji kunya, ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, wallahi bai san haka zai yi ba. Ya shiga cikin kara ya nemo guntun ƙarfen da kansa, ya kawo da hannu biyu, ya ce akwai masu walda a kasuwa, gobe a liƙa masa. Daudu ya karɓa ya dubi bakin karayar. Irin wannan ƙarfe ba ya karɓar walda, kuma hannun da zai ƙera wani yana can a hanyar Madani. Bai ga amfanin faɗa musu ba.

Ya dubi cikin Taha, daidai inda goshin bakan ya tsaya, ɗan sama da cibiya. Kibiyar da ya mayar kwari ɗazu takan huda ƙofar katako. Da ya ɗora ta, da yanzu yaron nan yana kwance cikin gawayinsa, kuma babu motar da za ta kai shi asibiti da rai. Daudu ya ce alhamdu lillahi a fili, domin ya san abin godiya ne. Amma da ya laluba ransa neman farin ciki bai samu ba, baƙin ciki ne kawai a wurin, sai ya ji tsoron kansa.

Suka ce ya zauna ya sha shayi. Ya ce a'a. Ya tattara katakon da ƙarfen da wayar ya rungume, a karo na farko yau ba tare da kula da inda goshin ke kallo ba. Hanyar gida tana bayansa, amma ƙafafunsa suka ƙi juyawa, sai ya ƙarasa hafirin.

Ya zauna a gindin wata ƙaya, ya ajiye tarkacen a gabansa. Ba a jima ba zabin suka fito daga cikin kara, garke guda, masu ƙiba, sun ƙoshi da dawar da ta zube a gonaki. Suka gangaro a jere suna 'yan ƙananan kuka. Wata babba ta ratse ta zo kusa da shi, kusancin da ko mai koyo ba zai kuskure ta ba, ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta sunkuya ta fara sha.

Bai motsa ba, don jikinsa ya saba kada ya firgita su. Ya zauna yana kallo har suka sha suka ƙoshi, suka haura ɗaya bayan ɗaya. Can gari aka fara kiran magariba, sama-sama. Ya san a daidai wannan lokaci Jumai ta hura wuta, ta ɗora ruwan fige tsuntsu.