Man Balbela na Inna

A yi haƙuri da rubutun nan, duk ya karkace, a kan gwiwa nake yin shi a bayan littafin labarin ƙasa, biron ma yana yi yana ɗaukewa. Ba ma wanda zai karanta. Ni dai in ban faɗa ma takarda ba kaina fashewa zai yi...

To don mi za su daina yin shi? Abin da nake tambaya ke nan. Man shafawa ne fa. Man Balbela. Ɗan gwangwani kore, balbela tsaye da ƙafa ɗaya a kan murfi. Mi ya tsare masu? Abu yana nan shekara da shekaru, mutane na so, rana ɗaya a ce babu. Ko sallama. Haka aka yi mana da biskit ɗin nan mai hoton jirgin ƙasa, wanda ko ka tsoma a shayi yana nan da ƙarfinshi. Na yanzu kafin ka kai baki ya zube cikin kofi. Ban ce komi ba. Alewar madara mai jar takarda ta ɓace, na haƙura. Amma wannan —

Bayan la'asar Maman Gideon za ta zo. Yanzu har an yi azahar.

Inna Sabuwa, kakata, mahaifiyar Baba. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta makantar da ita. Tun da na yi wayo man nan take shafawa, marigayi Alhaji Babaji, kakana, ke sawo mata duk salla. Da ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba turare, ba kwalli, ba abin da ke ƙamshi. Ranar da ta fita ta yi wanka, ta sa sabon zane, ta lalubo gwangwanin, sai ɗan abin da ya maƙale a gindi. "Sa'a, tahi Babbar Kasuwa wurin Idi ki amso mani."

Malam Idi mai kayan shafe-shafe bai ko ɗago ba. "Balbela? Ai ta tashi, 'yan mata. An rufe kamfanin." Har da dariya. Ya turo mani wani mai hoton Baturiya, wai ya fi. Ya fi a gidan wa?

Na dawo... tana zaune bakin gado, hannu a miƙe tun kafin in gama sallama. Ranar fitarta takaba fa. Hannu a miƙe. Ni da ko a aji aka ce in karanta sai muryata ta maƙale, ni zan ce mata abin da Alhaji ke kawo maki shi ma ya tafi? Na ce Malam Idi ya ce sai gobe.

Gobe! Ga goben nan, shekara biyu.

Basilin, ɗan man kaɗanya, ɗigon turare, kafur kamar ƙwayar gero. A murfin langa nake narkawa in Mama ta shiga maƙwabta. In zuba a gwangwanin, in shafe saman da bayan cokali mai zafi ya kwanta sumul kamar ba a taɓa ba. Gwangwani biyu gare ni, nata da wani da na tsinto a akwatin Alhaji, ina musanyawa. Har na iya matse murfin da haƙori don ya yi ƙas in ta buɗe. Tana son ƙas ɗin nan. Ni ce kamfanin, ni ce leburar, ni ce mai kai kaya. Balbelar ma ta goge saura ƙafa, wa zai gani?

Baba kuma da rediyonshi tun watan jiya. Soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, komi zai dawo, masaƙu za su dawo, kamfanoni za su buɗe. Har na yi wauta na sake komawa wurin Malam Idi ranar Asabar, na ce ko yanzu da aka canza gwamnati... Ya ce, "Ke, a majalisa za a dama shi?" Mutanen rumfar duk suka kwashe da dariya. Har Ƙofar Guga ina jin kunnena na zafi.

Da safen nan ina shara, Inna na ƙofar ɗaki tana shan hantsi, ta ce, "'Yar boko, yau ina da baƙuwa." Maman Gideon, tsohuwar maƙwabciyarmu da suka koma Ƙofar Sauri da mijinta ya yi ritaya. To mi ye? Ta saba zuwa, su yi ta hirar mutanen da suka mutu. Sai Inna ta ce, "Gardama muka yi rannan. Wai an ruhe kamfanin man Balbela tun tuni. Na ce ke dai ba ki da jika ne mai ƙafa. Tawa duk inda yake sai ta nemo mani. Yau za ta sansana da hancinta ta ba ni haƙuri."

Tsintsiyar ta faɗi. Wallahi faɗuwa ta yi.

Matar da ta yi shekara bakwai a Kaduna tana cika gwangwanayen nan da hannunta kafin ta yi aure! Duk Katsina a rasa wadda Inna za ta yi gardama da ita sai ita. Ta sha faɗa mana, wai ko ta yi wanka, in ta je coci sai an gane inda take aiki.

In ɓoye shi? In ce ɓera? Ɓera ya ɗauki gwangwani... Inna za ta sa a fidda kayan ɗakin nan kaf. In tare Maman Gideon a zaure in ce Mama don Allah ki ce shi ne? In sa babbar mace, mai zuwa coci da farin ɗankwali, ta yi ƙarya don ni? Kuma da wane bakin? Gaisuwa ma in na kai "ina gajiya" sai in rasa na gaba.

Ba duka nake tsoro ba. Inna ba ta duka. Juya fuska bango za ta yi, ta ce, "To." Shi ke nan. Gaban baƙuwa. Bayan ta yi alfahari da ni. Ni da ba a taɓa alfahari da ni ba, ko a gida ko a makaranta, sai a kan abin da... kai.

Kuma duk safiya in ta shafa sai ta ce, "Allah jiƙan Alhaji." Duk safiya. A kan basilin ɗina.

Ko ta sani? Matar da tana ɗaki za ta ce miyar maƙwabta, gidan su Joy, ta kama. A'a. Da ta sani ba ta kira mai shaida ba. Ko kuwa... a'a. Bari.

Ga shi nan a cinyata, na buɗe. Ƙila ma ya yi kama, ƙila ina ta da hankalina a banza. Na farkon ai a kan ragowar na gaske na zuba, na gauraya. Na biyu a kan ragowar na farko. Rabi, rabin rabi, rabin rabin rabi... sau nawa ke nan? Sha ɗaya? Sha biyu?

Bari in tuno na ainihi. In rufe ido. Ina 'yar shekara shidda, kaina a cinyar Inna tana mani kitso, tana lakato shi da ɗan yatsa tana bin tsaga, tana cewa in daina motsi. Ƙamshin yana... yana da sanyi-sanyi, da kanumfari —

A'a. Kanumfari ni na sa. Bara da damina, da turaren ya ƙare mani. Ni na daka shi.

To kafin kanumfarin fa? Lemo? Fure? Na sake shinshinawa, na sake. Ba abin da ke zuwa sai nawa. Har kitson, har cinyar Inna, har gemun Alhaji ranar idi, duk warin murfin langa suke yi yanzu. Ashe ba kamfanin kaɗai ya daina ba. Su rufewa suka yi kawai. Ni na bi ɗan abin da ya rage na shafe shi da cokali, a hancina, ƙila har da nata. In Maman Gideon ta ce ba shi ba ne, Inna ta juyo ta ce to Sa'a ya na gasken yake, ni ban... ita ma ƙila ba ta...

Sallama nake ji a zaure. Tun yanzu? Ko la'asar ba a kira ba!

"Sa'adiyya! Ke 'yar boko! Kawo ma baƙuwata tabarma, ki taho da man nan!"

Na'am, Inna. Murfin ma ban matse ba, hannuna duk maiƙo, in na shiga zan fara gaishe ta ne ko kuwa kawai in durƙusa in ce