Macijin Akurkin Tattabaru

Tun da aka sauke harawar raguna daga motar Bawku aka jibge a bayan gidansu a Maamobi, tattabarun Osumanu suka daina ƙyanƙyasa. Sai dai a tarar da ɓawon ƙwai a murƙushe, kamar an tauna an tofar. Osumanu ya ce aikin ɓera ne. Ran Asabar da hantsi, yana can kasuwar Malam Atta wajen albasarsa, matarsa Amama ta ɗauki tsintsiya don ta share akurkin.

Tana zura hannu bayan wani tsohon kwando ta ji ƙara, shuuu, kamar ruwa ya ɗiga cikin mai mai zafi. Kafin ta janye, wani abu ya kai mata sara a bayan hannu. Ta leƙa. Ga shi nan a nannaɗe, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon duhu, yana goga jikinsa da jikinsa.

"Kububuwa!" Ta faɗi zaune.

Amama ta san wannan ƙarar. A ƙauyensu kusa da Bawku, kububuwa ta sari yayanta Seidu a gonar gero. Da ƙafarsa ya dawo gida, har yana yi musu dariya. Washegari jini ya fara fita daga dasashinsa, daga hancinsa, har daga wani tsohon miki da ya daɗe da warkewa. Bai tashi ba.

Asana, ƙanwar Osumanu, ta fito a guje da kumfar wanki a hannu. Nan da nan tsakar gida ta cika. Wani na cewa a ɗaure da igiya, wata na neman reza a tsaga wurin.

"Ba mai taɓa ta da reza!" in ji Asana. "Anti, tashi, asibiti za mu."

A titin Nima motoci sun cushe. Direban tasi na ta danna oda, wata motar haya, trotro, ta tare gaba ba ta ko motsi. Amama ta ji hannun ya yi nauyi, sanyi na hawa har kafaɗa. Ta tofa yawu a tafinta ta duba. Akwai jan zare a ciki.

"Asana, ya fara."

"Ei, Anti, bar wannan magana!"

"Haka na yaya ya fara. 'Yata Shifa tana makarantar allo. Ke za ki ɗauko ta, kar ta ji a bakin mutane." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, tana maimaitawa a hankali. Direba ya haye gefen kwata da motar ya kurɗa ta lungu.

A asibiti nas ta ɗebi jininta ta zuba a 'yar kwalba ta ajiye a kan tebur. Ta ce kar kowa ya taɓa. Idan ya daskare, to da sauƙi. Amama ta kafe kwalbar da ido. Gani take jinin na motsi, ja wur, ruwa-ruwa. Duk sanda ta haɗiyi yawu sai ta ji ɗanɗanon ƙarfe.

Likitar, Dakta Latifatu, ta juya hannun a ƙarƙashin fitila. Ba kumburi, ba huda, sai 'yar ƙarzuwa. Tana cikin dubawa Osumanu ya faɗo ɗakin yana haki, riƙe da bokiti. Maƙwabta sun kashe macijin, shi kuma ya taho da shi.

Likita ta sa safar hannu, ta buɗe bakin macijin da ɗan tsinke. Ta daɗe tana kallo.

"Maman Shifa, na yi aiki a arewa, na ga kububuwa da yawa. Wannan ba ita ba ce. Kin ga bakinsa? Babu fiƙa. Ƙwai kawai yake haɗiyewa, ya fasa a maƙogwaro, ya tofar da ɓawon."

"Amma na ji ƙararta. Da kunnena na ji."

"Kin ji. Ba shi da dafi, don haka kamannin ne makaminsa. A irinsu, wanda ya fi kama da kububuwa a zane da ƙara, shi shaho da tunku ke tsoro su ƙyale, ya rayu ya hayayyafa. Haka aka yi ta tafiya shekaru aru-aru, har kamannin suka kai yadda kika gani."

"To, jinin bakina fa?"

Likita ta ja leɓen Amama na ƙasa ta haska. "Ke kika ciji kanki."

Amama ba ta yarda ba. Idonta na kan tebur har nas ta dawo, ta ɗaga kwalbar, ta karkata ta, ta kifa ta gaba ɗaya. Jinin ya tsaya cik a gindi, ko ɗigo bai sauko ba.

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. Likita ta ce duk da haka za ta zauna a sa mata ido, a sake gwada jinin kafin a sallame ta. Amama ta nemi ruwa. Osumanu ya riƙe mata kofin ta sha.