Hannaye Tara a Ƙarƙashin Fenti

Al'adar da ta hana ni sakat, ni na ƙirƙiro ta da hannuna. Duk yaron da ƙuri'ar ɗaukar ɗalibai ta ba shi kujera a makarantarmu, ranar farko sai ya tsoma tafin hannunsa a shuɗin fenti ya manna a bangon doguwar baranda, malamarsa ta rubuta sunansa a ƙasa. Kowane aji da jerinsa. Na fara haka ne shekarar da muka karɓi ginin bayan ambaliya, don in rufe layin nan da ruwa ya bari a bango daidai ƙirjin babban mutum. Duk ɗan birninmu New Orleans ya san layin, kuma ba wanda ke son yaro ya tashi yana kallonsa.

Mu makarantar yarjejeniya ce. Gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinmu, mu ke tafiyar da kanmu, amma izininmu na shekara biyar ne kacal. In ya cika sai hukuma ta duba makin jarrabawar yara, ko ta sabunta, ko ta garƙama kwaɗo a ƙofa. A idona aka rufe makarantu uku a unguwarmu. Wadda makinta ya haura kuwa, sai a ba ta damar buɗe reshe. Ni kuma reshe nake so a ƙetaren kogi, inda sunayen yara ɗari huɗu da wani abu ke jerin jira. Sai na riƙa faɗa wa kaina cewa don su nake yi.

Shekararmu ta ƙarshe kafin sabuntawa, na zauna da sakamakon gwaji na 'yan aji biyar a watan Janairu, na ga inda gizo ke saƙar. Yara tara ne ke jan mu ƙasa. In babu su, mun haye har da rara. In suna nan ranar jarrabawar Afrilu, mun tsaya a bakin gaɓa.

Ban kori kowa ba. Wannan maganar na maimaita ta har ta gaji da ni. Doka ba ta yarda da kora ba, kuma ni, Odile Narcisse, ba na karya doka. Kiran iyayen na yi ɗaya bayan ɗaya, na zuba musu kofi, na nuna musu takardu masu jan layi, na ce ina tsoron kada yaron ya maimaita aji, na ce akwai makarantun da suka fi mu kayan aikin taimakon irinsa. Wasu sun yi faɗa kafin su sa hannu a takardar cire yaransu. Masu faɗan ba su dame ni ba.

Wadda ta dame ni ita ce Renelle Augustin, mai wankin zannuwa a wani otal, da ta zo da rigar aikinta don hutun rabin awa aka ba ta. 'Yarta Corinne shekararta goma, ba ta iya haɗa layi biyu na karatu ba tare da ta yi gumi ba, amma in ta ɗauki waƙa har masu shara tsayawa suke yi.

“Mis Odile, in kin ce haka ne, to haka ne,” in ji Renelle. “Ke kika yi karatu, ni me na sani? Allah ya saka da alheri da ba ki ɓoye min ba.”

Ta sa hannu, ta yi min godiya sau biyu, ta wanke kofin da ta sha kafin ta fita.

Maki ya fito yadda na lissafa. A watan Oktoba hukuma ta aiko cewa sufeto zai zo ranar Litinin, kuma Mista Guidry ne. Kowa a aikinmu ya san Guidry. Dattijo ne mai tafiyar hawainiya, ba ya yarda da abin da aka jera masa a tebur. Kujeru yake ƙirgawa, da ƙusoshin rataye jaka, da tiren abinci. Sai na tuna bango. Jerin ajin su Corinne hannu hamsin da biyu ne, rajista kuma arba'in da uku.

Ranar Laraba da aka tashi, na jira baranda ta yi tsit, na ɗauko farin fenti da burushi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Shafi biyu na yi wa kowanne. Na Corinne ya fi ba ni wahala, don ta buɗe yatsunta sosai ranar da ta manna shi. Da na gama na ja baya na duba, ba ka ce an taɓa sa komai a wurin ba.

Alhamis ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai Lahadi. Ginin nan tun ambaliya yake da lalura, in ya sha ruwa sai bango ya yi ta gumi. Litinin da safe na shigo da sabuwar rigata, na tarar da Mis Verna mai dafa abinci tsaye a baranda, ludayi a hannu, tana kallon bango. Ta girme ni da shekara ashirin, ta san uwata, saboda haka ba ta tauna min magana.

“Zo ki ga baƙinki, 'yar nan,” ta ce ba tare da ta juyo ba. “Sun riga sufeto zuwa.”

Duk taran sun fito. Ba shuɗi sosai ba, wani dishi-dishi ne daga ƙarƙashin farin, kamar wani na tsaye a bayan labule ya dafa shi. Sunayen ba su fito ba, hannayen kawai. 

“Danshi ne,” na ce.

“Danshi mai yatsu biyar? Yau na ga ikon Allah. Ni dai shekarata talatin ina ciyar da yara, na san tire nawa nake wankewa. Tun Janairu tire tara ke zaune a kan kanta ba mai ɗauka, kin ji na ce uffan?”

“Mis Verna, don Allah ba yau ba.”

“Yaushe to? Ke da kika ce min nan gidan kowa ne, har kika sa ni kuka ranar buɗewa? Je ki tari baƙonki. Wakena zai kama.”

Na yi tunanin liƙa wani hoto a kai, sai ga ƙarar mota a waje.

Guidry ya shafe awa uku a azuzuwa. Ya ci wake da shinkafar da muke dafawa kowace Litinin tare da yara, har ya nemi ƙari, Mis Verna ta zuba masa tana hararata ta gefen ido. Bayan nan ya ce zai miƙe ƙafa. Na bi shi a baya kamar wadda za a kai kotu. Ya bi jerin hannayen yana motsa leɓe, da ya zo ajin su Corinne ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai ya ɗaga nasa hannun, babba mai jijiyoyi, ya ɗora a kan ɗaya daga cikin masu dishi-dishin. Ya rufe shi ruf.

“Tara,” ya ce.

Ya sauke hannunsa.

“Na ga takardunsu tun a ofis, Mis Narcisse. Iyayensu ne suka cire su, kowanne da sa hannu, ba inda aka kuskure ko waƙafi. Aiki mai tsabta.” Ya buɗe fom ɗinsa ya nuna min. “Kin ga, akwai gurbin maki, akwai na zuwan yara, akwai na ƙofar gudun gobara. Babu gurbin bango. Abin da zan iya rubutawa a ƙasan nan, sai abin da shugabar makaranta ta faɗa min da bakinta. Ko akwai abin da kike son faɗa min?”

Wallahi saura kaɗan in faɗa masa. Ina jin ƙarar tukwane daga kicin, na san Mis Verna ta kasa kunne. Na san in na buɗe baki reshe ya tafi, wataƙila har da wannan ginin da yara ɗari uku da ke cikinsa. Na kuma san wani abu da nake jin kunyar faɗa: so nake ya kama ni da kansa, in huta, ba tare da ni na miƙa wuya ba. Ya ƙi. Ya tsaya yana jira, alƙalami a hannu.

“Ginin yana da danshi,” na ce.

Ya dube ni har sai da na kawar da kai. Sannan ya rubuta, yana karantawa a fili: “A magance danshin baranda.” Ya rufe fom ɗin ya ce a gaishe masa da mai wake.

A watan Disamba takarda ta zo. An sabunta mana shekara biyar, an ba mu izinin reshe, har da sakin layi na yabo. Aka yanka kek a ɗakin malamai. Mis Verna ba ta ci ba. Hannayen kuwa na kira masu fenti na gaske sun yi musu shafi uku, amma duk lokacin da aka yi ruwan kwana biyu sai su leƙo. Na koma shiga ofis ta ƙofar baya.

Watan Agusta muka buɗe reshen ƙetaren kogi. Sabon gini fil, bango fari tas, ambaliya ba ta taɓa saninsa ba. Na tsaya a baranda da kwanon shuɗin fenti, yara 'yan shekara biyar sun yi layi da iyayensu, ina jin kamar yau zan fara rayuwa daga farko. Sai na ɗaga kai na ga rigar otal.

“Mis Odile! Ba ki gane ni ba? Renelle ce, uwar Corinne. Mun dawo wannan ɓangaren ai.”

Murmushi take yi har kunne, babu ko ɗigon riƙo a fuskarta. Na tambaye ta Corinne.

“Tana gida. Makaranta uku muka gwada, ba ta zauna ba. Yanzu ta ce kanta ciwo yake in ta ga littafi. Tana taya ni da ƙannenta.” Ta turo wata 'yar yarinya mai kitso biyu gabana. “Ga Josette. Wannan kam kada ki ji komai, tana da kai. Sai da na gwada su da kaina kafin in sa suna a ƙuri'a.”

“Su?”

“Tagwaye ne ai, ita da Lisette. Na zaunar da su da littafin Corinne na tsawon wata guda. Josette ta kama, Lisette kuwa irin yayarta ce sak, sai waƙa. Na ce ba zan sake ɗora miki nauyi ba, ke da kika yi min gaskiya. Ita zan nema mata wani wurin.”

Na buɗe baki in ce ta kawo ta, in ce doka ta ba ta dama, in ce duk abin da na faɗa mata a Janairun nan ba don Corinne na faɗa ba. Amma ƙuri'a ta wuce tun bazara, kujeru sun cika, mutum ɗari biyu na jira a bayan layi. Renelle ta duba agogo ta ce motar hayar da za ta hau za ta wuce, ta sumbaci yarinyar ta tafi da sauri.

Josette ta tsoma hannu, ta manna a bango, ta buɗe yatsunta sosai. Yaron da ke bayanta ya matso zai sa nasa a gefe, sai ta tare wurin da jikinta.

“Ba nan ba,” ta ce masa. “Nan na Lisette ne. Gobe za ta zo.”

Malamar ajin ta dube ni. Na ce a bar shi.

Shekara uku ke nan. Jerin ya cika ta hagu da dama, wurin Lisette yana nan fari, faɗin tafin hannu ɗaya. Ginin ba shi da danshi, ko an yi ruwan mako guda babu abin da ke fitowa a wurin. Kuma reshen, inda ofishina ya koma, ba shi da ƙofar baya, ta nan nake wucewa kullum da safe.