Shafin da Farfesa Bai Karanta Ba

Tun daga ƙofar ɗakin karatu na jami'a matar Farfesa ta hango yawan jama'ar da suka taru. An jera kwalayen takardun mijinta a kan dogon tebur, ga kujeru cike da tsofaffin ɗalibansa, wasu har sun yi furfura. Yau zai miƙa wa jami'a duk abin da ya tara a shekarun da ya yi yana koyar da adabin Ingilishi: laccoci, gyare-gyaren littattafansa, har da takardun ɗaliban da ya yi wa jina-jina da jan biro.

Abin da ba wanda ya sani sai ita da likita shi ne, Farfesa ba ya iya karatu. Ciwon da ya kayar da shi bara ya bar masa ƙafa, ya bar masa baki, amma ya tafi da haruffa. Idonsa garau, sai dai in ya kalli shafi, kamar tururuwa ce ta watse. Ita ta ɗauki nauyin rufa asirin. In baƙo ya kawo rubutu a duba masa, ta ce tabarau ya karye. Ko 'ya'yansu ba ta gaya wa ba.

Ta riga ta roƙi masu taron cewa miƙawa kawai za a yi, ban da dogon jawabi. To amma shugaban sashe, ɗalibin Farfesa na da, mutum ne da ba ya ganin lasifika ya ƙyale. Ya yi ta zuba, ya yabi malaminsa har ya gaji, sannan ya cusa hannu cikin kwali ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Wai laccarsa ta farko ce da ya rubuta da hannu, kuma ba za su tashi ba sai sun ji ta daga bakin mai ita.

Aka tafa. Farfesa ya karɓi takardar ya riƙe da hannu biyu. Matarsa ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ɗago ya dubi jama'a, ya buɗe baki.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta zare takardar daga hannunsa tana murmushi, ta juya wajen shugaban sashe.

"Ranka ya daɗe, ka manta rubutun malaminka? Ai ko shi ba ya iya karanta shi. Tun muna amarci ni ke buga masa a keken rubutu."

Zauren ya kwashe da dariya, don kowa ya taɓa shan wuyar wannan rubutun. Ta karanta shafin tas. Aka sake tafawa, aka ɗauki hotuna, aka watse.

A mota ta sauke ajiyar zuciya ta ce Allah ya rufa asiri. Farfesa yana ta kallon allunan shaguna ta taga har suka shiga layinsu.

"Da kin bar ni," ya ce a hankali. "Gaya musu zan yi. Na gaji, Maman yara. Kuma ba za su sake taruwa haka ba sai ranar jana'izata."